Girkin Ranar Teyatur

Shekaru sun tura, yarinyar da nake goyo a lokacin har ta shiga lakkol, wato makarantar boko, amma abin da ya faru tsakanina da ƙawayena biyu a garin Diffa ba na jin zai fita daga raina har in koma ga Mahaliccina. Ba wani babban al'amari ba ne da za a ji shi a rediyo. Maganar girki ce kawai, da gato, wato kek, da wasan teyatur na 'yan makaranta. Sai dai duk ranar da na tuna, nakan ajiye abin da ke hannuna in zauna ina juya abin a raina.

Ni mutuniyar Damagaram ce. Aure ne ya kai ni Diffa, inda maigidana yake da kanti a kasuwa, yana kuma sayen tattasai buhu-buhu yana aikawa gida. Na zo garin ban san kowa ba, sai na kama yin gato don in rage zaman banza. Ba ni da fur, murhun gashi na zamani, a lokacin. Babbar tukunya nake zuba wa yashi, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi, in zauna ina gadi kamar mai jinya. Kaɗan-kaɗan aka san ni a unguwa, in ana suna ko biki a aiko mini, har sunana na yanka ya ɓace, aka koma ce mini Mai gato.

Ƙawata ta farko maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. 'Yar garin Maine ce, tana koyar da Faransanci a kwaleji, kowa Madam yake ce mata har da mijinta in yana tsokana. Tana da ƙungiyar 'yan mata ɗalibanta da take koya wa teyatur ranar da babu kilas da yamma. Mace ce mai baki, in ta fara ba ka labari sai ta tashi tsaye ta kwaikwayi kowa, har tafiyarsa.

Ta biyun ta girme mu da 'yan shekaru, shi ya sa muke ce mata Yaya. Babarbariya ce daga wani ƙauye kusa da Tumur. Lokacin da tashin hankali ya kore su, suka baro gida da gona da rumbu, suka zo suka zauna a gefen gari. Mijinta ya samu aron fili a bakin kogin Komadugu yana noman tattasai, maigidana yana saye a wurinsa, ta nan muka saba. Hausarta irin ta Barebari ce, ba ruwanta da namiji ko mace. Ranar da ta fara zuwa gidana na zuba mata abinci, ta ɗanɗana, ta dube ni da tausayi ta ce, "Ƙanwata, miyan nan shi yana neman taimako." Na yi dariya har da hawaye. Tun daga ranar nake sonta, don gaskiya ta faɗa, kuma ita ce ta taimaki miyar.

Unguwar su Yaya da nisa, ba kullum ake haɗuwa ba. Sai Madam ta buɗe mana gurup a salula, mu uku kawai. Yaya ba ta yi boko ba, don haka duk da murya muke aikawa. Bayan la'asar, in kowa ta sarara, sai saƙonni su fara shigowa. Ni in ba da labarin gaton da ya ƙi tashi, ko wanda ya ƙone a gindi na kankare shi na lulluɓe da sukari. Madam ta ba da labarin 'yan matanta, wadda ta manta maganarta a tsakiyar wasa ta tsaya tana kallon sama, da wadda kunya ta hana ta yin muryar namiji. Yaya kuwa kullum da abin da ta dafa take zuwa. Yadda take faɗinsa ya fi cinsa daɗi. Za ta gaya maka lokacin da ake jefa banda a miya don kada ta dagargaje, da yadda ake gane burabusko ya nuna daga ƙamshin tururinsa, da dalilin da ya sa man shanu ba ya son a zuba shi tukunya tana kan wuta. Na sayi ɗan kaye, littafin rubutu, musamman ina rubuta abin da take faɗi.

Haka muke har shekarar da Komadugu ya cika ya batse. Ruwa ya haura ya kwanta a kan gonakin bakin kogi lokacin da tattasai ya fara 'ya'ya. Gonar mijin Yaya tana cikin waɗanda ruwan ya cinye, ko kwando ɗaya bai ɗauka ba. Muka je muka yi mata jaje ni da Madam. Ta tarbe mu da fara'a, ta ce Allah ya rufa asiri, akwai sauran na bara a ajiye, kada mu damu. Bayan 'yan kwanaki ta gaya mana mijin ya tafi wajen Maine neman aikin ƙarfi kafin ruwa ya janye. Muka yi masa addu'a, aka wuce wurin.

Saƙonninta ba su tsaya ba. Ni a kunnena ma sun ƙara daɗi. Yau shinkafa da miyar banda, gobe sinasir da miyar yakuwa, jibi ɗanwake da man gyaɗa mai zafi. Wata huɗu ana haka, ina saurare ina cika kaye. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina yadda matar da gonarsu ta nutse, mijinta yana dako a wani gari, take cin banda sau uku a mako ba. Yanzu in na tuna nakan ji kunyar kaina. Ina da kunne, amma ma'aunin daddawa kawai yake ji.

Da zafi ya fara shigowa, ana shirin ba da hutun lakkol, Madam ta sanar da mu cewa 'yan matanta za su yi wasa a gaban iyaye. Ta ce in yi musu gato. Sannan ta ce, "Yaya, ke kuma ki dafa wa 'ya'yana shinkafar nan da miyar banda da kike ta ja mana rai da ita. Zan aiko miki da shinkafa da mai da duk abin da ake bukata."

Yaya ta amsa nan take, ta ce ta ji ta karɓa, amma kada a aiko da komai, komai akwai a ɗaki, 'ya'yan Madam ai 'ya'yanta ne. Madam ta sake cewa za ta aiko. Yaya ta ce in buhu ya shigo gidanta, a kan adaidaitar da ta kawo shi zai koma, kuma ta fasa girkin. Madam ta sake gwadawa karo na uku, muryarta ba irin ta kullum ba. A nan ne na sa baki. Ina dariya na ce, "Haba Madam, ki bar ta mana. Ta ce akwai. Ko so kike ki hana ta lada?" Madam ta bar maganar a nan. Waccan maganar tawa, da ana mayar da magana ciki, da na mayar da ita.

Saura kwana uku wasa, Yaya ta yi shiru. La'asar ta yi ba saƙonta, washegari ma haka. Na kira, salula ba ta shiga. Ban kawo komai a raina ba, don unguwarsu babu kuran, wato wutar lantarki, sai an kai salula wani kanti an yi mata caji, wani lokaci ta kwana can. Ana gobe wasa na gama gasa gato da hantsi, na yanke gefe-gefen da ba su yi kyau ba na ƙulle a leda don yaranta, na hau adaidaita in je in ji ƙarfe nawa za a zo ɗaukar tukwane.

Gidan ɗaki ɗaya ne na ƙasa, da rumfar zana a gabansa. Na yi sallama na tarar da ita zaune a rumfa, babban faifai a cinyarta tana tsintar shinkafa. Gefenta ga kwali cike da banda, ga galan na mai, ga albasa da tattasai a tire. Duk wanda ya leƙo zai ce gidan nan ana cikin wadata. Ta yi murna da ganina, ta shimfiɗa mini tabarma. Yaranta uku suna zaune a inuwar katanga, ba wasa suke ba, ba faɗa suke ba, suna zaune kawai. Na miƙa musu ledar gato.

Yadda suka ci shi ne ya fara tsayar da ni. Na saba in na kawo musu su yi ta gardama, wannan ya ce nasa ya fi ƙanƙanta, waccan ta ruga ta kai ƙara. Ranar ba wanda ya ce uffan. Babbar ta raba, kowa ya juya baya ya cinye nasa da sauri, ƙaramar ta lashi yatsa tana bin ɓurɓushin da ya zuba a tabarma ɗaya bayan ɗaya. Na kai idona wajen murhu. Rana ta kusa tsakiya, babu wuta, babu hayaƙi. Iska ta tara rairayi a tsakanin duwatsun, sai wata 'yar tukunya a gefe da busasshen kunu a bakinta.

Na ce ƙishirwa nake ji, na tashi da kaina na shiga ɗaki wajen randa kafin ta hana ni. A kusurwar da na saba ganin buhunan gero da masara a jere, babu komai. Sai shatin inda suka zauna a ƙasa.

Na fito na zauna. Na tambaye ta ina salularta. Ta ce ta lalace, idonta a kan faifai. Ta ci gaba da tsinta, ta ɗauke tsakuwa ɗaya, ta ɗauke ta biyu, sannan ta ɗago ta dube ni, ta ga na riga na gani. Ta yi wa yaran magana da Barbarci suka fita waje. Ta ce, "Na sayar da shi. Shi ne wannan." Ta nuna shinkafar da bandar da haɓarta.

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "To Yaya, duk girkin nan da kike ba mu labari fa?"

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Duk na dafa su, ƙanwata. Babu wanda ban dafa ba. A garinmu na dafa su."

Daga nan ta gaya mini komai, a hankali, kamar labarin wata take bayarwa. Na bara da ta ce akwai, wata ɗaya ya yi ya ƙare. Mijin yana aiko da abin da ya samu, amma aikin ba kullum ba ne, wani lokaci sai a yi kwana goma ba a ji daga gare shi ba. Da safe kunu, da yamma in an samu gari a yi tuwo da kuka ko mai babu, in ba a samu ba a sake kunu. Ta yi wankau a gidajen mutane, ta yi surfe, ta sayar da zannuwanta biyu. In la'asar ta yi kuma sai ta wanke fuska, ta zauna a bayan ɗaki inda babu hayaniya, ta danna salula ta dafa mana abin da ranta yake so.

Na tambaye ta me ya sa ba ta gaya mana ba, mu da muke kamar 'yan ɗaki ɗaya. Na faɗa da ɗan zafi ma, don a lokacin gani nake kamar ta raina ƙawancenmu. Amsar da ta ba ni har yau ina iya maimaita ta.

Ta ce, "In na je layin rabon abinci, ni lamba ce a kati. In na je famfo, ni 'yar gudun hijira ce. Wuri ɗaya ya rage mini a duniya inda nake matar da ta iya miya, shi ne wurinku. Da na faɗa, ke da kanki za ki daina gaya mini gatonki ya ƙone, kunya za ki ji. Madam za ta daina ba ni dariya. Kullum sai dai ku ce, Yaya an ci? Yaya an samu? Ni kuma ba na son in rasa ku."

Na san gaskiya ta faɗa, don tun a zaunen nan na fara jin nauyin zoben da ke hannuna.

Na ce to a ɗebi shinkafar nan a dafa wa yara yanzu, zan cika abin da aka ɗiba kafin gobe. Ta ce a'a, an yi niyyarta don 'yan Madam, ba a taɓa ta. Muka yi ta ja. Da na ga magana ba za ta yi ba, sai na tuɓe mayafina na rataye, na kwashe rairayin murhu da hannu, na tattaro 'yan itatuwan da ke wurin na hura wuta. Na auni rabin tiya na wanke. Tana zaune tana kallona, har na ɗora mai na ɗauko banda zan jefa tun albasa ba ta yi laushi ba. Nan ta kasa daurewa. Ta tashi ta karɓe ludayin daga hannuna ta ce, "Matsa. Wata nawa ina koya miki, har yanzu kina kashe kifi sau biyu." Muka yi dariya mu biyu, irin dariyar da ke fita tare da hawaye. Yaran suka ci suka ƙoshi a gabana. Kafin in tafi ta sa na yi mata alkawari ba zan gaya wa Madam ba sai an gama wasa, kada in ɓata wa yarinyar mutane ranarta.

Da na koma gida na gaya wa maigidana. Daga baya ya ce shi ma ya san gonar ta nutse, da ya daina ganin mijin Yaya a kasuwa sai kawai ya koma saye wurin wasu, bai taɓa aikawa a tambayi gidan ba. Da sassafe ya auno shinkafar da na ɗiba ya ba ni na kai.

An yi wasan da la'asar sakaliya a filin lakkol, ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, don a shekarun nan ba a taro in rana ta faɗi. An jera bencina, iyaye mata a gefe ɗaya, maza a gefe ɗaya, an ɗaura zannuwa biyu a igiya su ne labule. Labarin wasu maƙwabta biyu ne da akuyar ɗaya ta cinye tattasan da ɗayan ya shanya, aka kai ƙara gaban bulama, wato mai gari. Duk 'yan mata ne suka fito, har bulaman, wata 'yar siririya da aka manna wa gemun auduga aka naɗa mata rawanin baban wata. Akuyar ma yarinya ce, an lulluɓe ta da buhu. Ana tsakiyar shari'a gemun ya saki gefe ɗaya yana lilo, bulama ya riƙe shi da hannu ya ci gaba da yanke hukunci, akuya kuma ta manta ita akuya ce ta ce, "Wallahi ƙarya yake." Filin ya kaure da dariya.

Yaya tana kusa da ni, ta sa zanen da ya rage mata mai kyau, ta sha lalle, tana ƙamshin turaren wuta. Ta yi dariya har tana dukan cinyata. Ni kuwa na kasa. Ina kallon wuyanta, ina ganin ƙasusuwan da ban lura da su ba wata huɗu.

Da aka tashi, aka shigar da tukwane wani kilas. Madam ta kamo yaran Yaya ta zaunar da su a gaba, ta ce 'ya'yan mai girki su ne manyan baƙi, a fara zuba musu. Yaya ta ɗaure ɗankwali ta tsaya a kan tukunya tana rabo, tana yi wa wannan faɗa ta rage hanzari, tana ƙara wa waccan kifi don ta ga ba ta da jiki. 'Yan matan nan suka ci har suka kankare ƙanzo. Bulama, da sauran auduga a haɓarta, ta zo ta durƙusa ta ce a ba ta auren miyar. Gatona ma an ci, amma ba wanda ya yi maganarsa, kuma ban ji haushi ba.

Bayan yara sun watse, muka rage mu uku muna haɗa kwanoni. Madam ta ce, kamar ba da wata manufa ba, "Yaya, kwana uku ina kiranki. Ina salularki?"

Yaya ta dube ni. Ni kuma na dubi ƙasa. Wannan kallon ya ishi Madam. Ta dubi tukwanen da aka cinye, ta sake duban Yaya, sai ta nemi benci ta zauna. Ta ce, "Innalillahi. Ni na ja miki."

Ashe ta daɗe da sani. Ta ce tun wata biyu da suka wuce ta gane. Da can in Yaya ta aiko saƙo, ana jin turmi a bayanta, ana jin mai yana ƙara a wuta, tana katse magana ta daka wa yaro tsawa ya bar bakin murhu. Daga baya duk wannan ya ɗauke, sai muryarta kaɗai, tsaf, babu ko ƙarar murfi. Ta ce ita aikinta ke nan, sauraren abin da ke bayan magana. Ta rasa yadda za ta yi ta tambaya ba tare da ta kunyata ta ba, shi ne ta ƙirƙiro maganar girkin nan. Niyyarta ta aika da buhu guda cur da jarkar mai da sunan 'yan wasa, a dafa kaɗan, sauran ya zauna a gidan ba wanda ya ce an ba wani sadaka. Da Yaya ta ƙi har sau uku, ni kuma na ce akwai, sai ta ce wa kanta wataƙila kunnenta ne ya yi mata ƙarya, tunda ni na fi ta kusa da gidan.

Madam ta rufe fuska da gefen mayafi tana kuka, tana cewa ta so ta cika ɗaki sai ta ƙarasa kwashe shi.

Yaya ce ta je ta zauna kusa da ita ta dafa bayanta. Ta ce, "Ke Madam, bar kuka, yara za su dawo su gan ki. Wata huɗu ban ɗora babban tukunya ba. Yau na ɗora, 'ya'yan mutane sun ci sun lashe hannu, nawa ma sun ci a gaba. Ba ki cuce ni ba. Amma gobe in kina son ki san abu, ki tambaye ni. Ni ba 'yar wasanki ba ce da za ki shirya mini abin da zan yi."

Madam ta share ido ta ce ta ji. Sannan ta yi abin da ya kamata mu yi tun ranar da muka je jaje. Ta dube ta ta ce, "To Yaya, yanzu me kike so mu yi?"

Yaya ta yi tunani sosai kafin ta amsa. Ta ce ba ta son a tsayar da adaidaita a ƙofarta ana sauke buhu maƙwabta suna kallo, su ma ba su da shi. Abincin yara za ta karɓa, don ba su suka yi alkawarin kunya ba, amma a kawo kaɗan-kaɗan a jakar hannu. Ita kuma abin da take so shi ne karyayyen tattasan da ake sharewa a sito bayan an ɗinke buhuna, wanda ba ya shiga kasuwa. Ta iya yaji irin na garinsu, in an ba ta wannan da aron turmi, sauran nata ne. Na ce ina da tsohuwar salula a akwati. Ta ce in bar ta a akwatin, wadda za ta riƙe nan gaba ita za ta saya.

Haka aka yi. Maigidana ya riƙa tara mata tattasan, ta daka da citta da kanumfari da wasu abubuwan da har yau ta ƙi gaya mini, ana ƙullawa a leda ana ajiyewa a kantinsa. Ba a dare ɗaya abu ya gyaru ba. Bazarar nan ta yi musu tsanani, ƙaramar ta kwanta ciwo har sai da muka yi kwanaki muna zirga-zirgar likita, yajin ma da farko ba ya tafiya sai da matan unguwarmu suka ɗanɗana. Tunda babu salula, sai muka mayar da hirarmu ranar Alhamis a gidana. Madam ta zo da labarin 'yan matanta, ni in kunna garwashin gato, Yaya ta karɓe mini ludayi. A nan na ji wasu labaran da ba su taɓa shiga gurup ba, na gidan da ta baro, da ƙanenta da har yau ba a san inda yake ba. Na ji na Madam ma, wadda nake zaton ba ta da wata damuwa a duniya. Da damina ta faɗi mijin Yaya ya dawo, aka sake dashe, kogin kuma ya tsaya inda ya saba tsayawa. Shekara ta kusa zagayowa kafin ta sayi wata salular, 'yar ƙarama, da kuɗin yajinta.

Abin da wannan al'amari ya koya mini ban same shi a wurin wa'azi ba, ban kuma karanta shi a ko'ina ba. Mutum yana iya yi maka magana kullum, kana amsawa kullum, alhali ba ka san halin da ya kwana a ciki ba. Ni na ji abin da nake so in ji, na tsaya nan. Madam ta ji gaskiya, amma ta bi ta bayan gida don tana tsoron ƙofa. Dukanmu sonta muke, kuma dukanmu mun bar ta da yunwa wata huɗu. Mai mutunci ba ya cewa babu, musamman wanda ya taɓa ciyar da wasu. In masifa ta taɓa wani naka ya ce maka akwai, kada ka karɓa daga nesa don ya fi maka sauƙi. Ka sa takalmi ka je, ka zauna har a saba da zamanka, ka tambaye shi abin da yake so da bakinka, sannan ka yi shiru ka bar shi ya faɗa. Shi ya san inda ke masa ciwo, shi ya san kuma irin taimakon da zai iya ɗauka ba tare da ya sunkuyar da kai ba.